Zan tafi Hajji in wuce gida wata huɗu: yaya zan yi da harajin da nake tura wa IRS, hukumar harajin Amurka, zango-zango?

"Assalamu alaikum. Ni direba ne a birnin New York, ina zaune a Bronx, ina jan Uber da Lyft da motata. Bana Allah ya kira ni Hajji. Zan tashi tsakiyar watan Mayu, daga Saudiyya kuma in wuce Kano in zauna da mahaifiyata da ba ta jin daɗi, sai tsakiyar Satumba zan dawo in Allah ya yarda. Bara harajina na tarayya gaba ɗaya ya kama dala 9,600, shi ya sa mai cike min takardu ya ce in riƙa tura 2,400 sau huɗu a shekara. Na riga na biya na Afrilu. Idan na cire kuɗin mai da inshora da gyaran mota, abin da ke rage min a wata kamar dala 4,000 ne. Tunda wata huɗu zan yi ko sisi bai shigo ba, dole ne in biya na Yuni da na Satumba? In ban biya ba, me zai same ni?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya karɓi ibada, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, ya kuma ba Mama sauƙi.

Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko, ko 2,400 ɗin nan bashi ne da ya hau kanka ko kana aiki ko ba ka yi. Ta biyu, hukuncin wanda ya bar ranar biya ta wuce. Amsar ta farko ita ce a'a, kana da damar ragewa, kuma ragewar ba kaɗan ba ce. Amsar ta biyu ita ce tarar ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Abin da nake jiye maka daban ne, zan zo kansa, domin na shekara da shekaru ina cike wa direbobi da masu kitso da masu shaguna takardun haraji a nan, kuma ba tara na ga tana kayar da mutane ba.

Inda 2,400 ta samo asali

A Amurka ba a jiran ƙarshen shekara kafin a karɓi haraji. Ma'aikacin albashi tun kafin kuɗinsa ya shiga hannunsa an yanke rabon gwamnati. Mai sana'ar kansa ba mai yanke masa, Uber da Lyft ba sa cire maka ko kwabo don IRS, saboda haka doka ta ce duk wanda yake sa ran za a bi shi dala 1,000 ko fiye a ƙarshen shekara, shi zai riƙa kintata harajinsa yana turawa da kansa. Wannan shi ne aikin fom ɗin 1040-ES. Ranakun huɗu ne: 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, da 15 ga Janairun shekara mai zuwa. Idan ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi ko ranar hutu, sai ta koma ranar aiki ta gaba. Ka lura tsakanin Afrilu da Yuni wata biyu ne kawai, ba uku ba. Wannan kaɗai yana shammatar mutane duk shekara.

Don kada a ci mutum tara, doka ta buɗe masa ƙofa biyu, wadda ya ga dama ya bi. Ko ya biya daidai da dukkan harajin da aka bi shi bara, a raba gida huɗu, ko ya biya kashi 90 cikin 100 na harajin bana. Wanda kuɗin shigarsa na bara ya haura dala 150,000, kashi 110 na harajin bara zai biya in ya zaɓi ƙofar farko, amma wannan bai shafe ka ba. Mai cike maka takardu ƙofar farko ya bi da kai: 9,600 a raba huɗu, 2,400. Bai yi kuskure ba. Ita ce hanyar da ba ta buƙatar kintace, kuma ni ma ita nake ɗora yawancin mutane a kai a shekarar da za su yi aiki cur. Sai dai an gina ta ne a kan cewa bana za ta yi kama da bara, kai kuwa bananka wata takwas ce ta aiki. In ka ci gaba da tura 2,400, za ka ajiye wa gwamnati kusan dala 4,000 da ba hakkinta ba, ta riƙe maka har sai ka cike takarda baɗi ta mayar maka, a daidai lokacin da kake da kujera da tikiti da asibiti a gabanka.

Lissafin bana

Mu ɗauki alƙalumanka. Daga Janairu zuwa tsakiyar Mayu wata huɗu da rabi, daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Disamba wata uku da rabi. Wata takwas sau 4,000, ribar shekara ta zama 32,000.

Haraji iri biyu ne a kan wannan riba. Na farko shi ne harajin masu sana'ar kansu, kashi 15.3 cikin 100: kashi 12.4 na Social Security, wato asusun fansho na gwamnati, kashi 2.9 na Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi. Ba a kan dukkan ribar ake ɗora shi ba, a kan kashi 92.35 nata ne. A kan 32,000 zai kama kusan dala 4,500. Shi wannan ba ya jin lallami, da zarar ribar shekara ta kai dala 400 ya hau. Na biyu shi ne harajin kuɗin shiga, kuma shi ne yake zubewa sosai idan samu ya ragu, domin kafin a lissafa shi ana cire rabin harajin farko, a cire rangwamen da ake yi wa kowa, wanda a 2025 ya kai dala 15,750 ga mai cike takarda shi kaɗai, a kuma cire rangwamen kashi 20 na masu ƙananan sana'o'i. Abin da ya rage a kansa za a bi ka kusan dala 1,100. Jimla kusan 5,600. Samunka ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, amma harajin ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Na yi wannan lissafi ne a kan mutumin da ba ya cire komai saboda 'ya'ya. In kana da yara a nan masu lambar Social Security, zai ƙara sauka.

Kashi 90 na 5,600 shi ne 5,040. A raba huɗu, 1,260. Ga wurin da nake so ka tsaya ka duba da kyau, domin nan ne amsarka take. IRS ba ta kallon kowane zango shi kaɗai kamar kuɗin hayar wata. Tara-tara take lissafi. Abin da take tambaya shi ne, zuwa wannan rana, nawa ya kamata a ce ya shigo gaba ɗaya? Zuwa 15 ga Afrilu 1,260, zuwa 15 ga Yuni 2,520, zuwa 15 ga Satumba 3,780, zuwa 15 ga Janairu 5,040. Kai ka riga ka zuba 2,400 a Afrilu, rarar kuma tana gangarawa zango na gaba. Ke nan a Yuni dala 120 kacal ake bin ka. A Satumba 1,260, a Janairu 1,260, sai cikon 560 ranar da ka cike takardar shekara. Ka kwatanta da 4,800 da kake shirin nemowa don Yuni da Satumba. Abin da ake buƙata a zahiri 1,380 ne.

Wannan lissafin tara-tara kuma shi ne dalilin da ya sa na Satumba bai zama sifili ba, duk da cewa daga Yuni zuwa Agusta ba ka kunna mota ba. Mutane da yawa suna zuwa ofishina da wannan fahimta, cewa zangon da ba a samu ba babu biya. Ba haka tsarin yake ba. Harajin na shekara ne, zangunan hanyar tattara shi ce kawai.

Akwai hanya ta uku da za ka ji ana ambata, ta fom 2210 da ɓangarensa mai suna Schedule AI. An yi ta ne don masu samun da ke hawa da sauka. Ana ɗaukar abin da mutum ya samu daga Janairu zuwa ƙarshen Maris a ninka da 4, zuwa ƙarshen Mayu a ninka da 2.4, zuwa ƙarshen Agusta a ninka da 1.5, a ga yadda shekarar za ta kasance in ta ci gaba a haka, sannan a nemi kashi 22.5, da 45, da 67.5, da 90 na harajin a ranaku huɗun nan. Ga wanda hutunsa ya faɗo farkon shekara, kamar matar da ta haihu a Janairu ta yi wata uku ba ta taɓa kan kowa ba, wannan hanya rahama ce, tana iya sauke biyan Afrilu gaba ɗaya. Kai kuwa da ƙarfi ka fara shekarar. Na gwada ta da alƙalumanka: zuwa ƙarshen Agusta ka samu 18,000, an ninka ya zama 27,000, abin da za a nema zuwa 15 ga Satumba ya sauko daga 3,780 zuwa wajen 3,100. Sauƙin dala 700 ne na wata huɗu, kuma dole ka biya su a Janairu. Fom ɗin yana da wahalar cikewa, yana buƙatar ka raba samu da kashe-kashenka wata-wata. Ban ga ya cancanci wahalarka ba, sai dai ka riƙe shi a matsayin mafita in lissafi ya kwana.

Tarar

Tarar ƙarancin biya ba dunƙulallen kuɗi ba ce. Kamar kuɗin ruwa ake lissafa ta, a kan abin da ya gaza, na kwanakin da ya yi bai shigo ba. Ana sabunta adadin duk wata uku. A 2024 kashi 8 cikin 100 ne a shekara, a 2025 ya koma kashi 7. A ce ka tafi ba ka biya na Yuni ba, ba ka biya na Satumba ba, sai a Janairu ka haɗa ka biya. Dala 1,380 na wata huɗu a kan kashi 7, da ɗan abin da ya taru a kan 120 tun Yuni, duka bai wuce dala 35 ba. Ba a kama kowa a filin jirgi saboda wannan, ba a taɓa lasisin tuƙinsa. Doka ta yarda a yafe tarar ga wanda bala'i ya afka wa, ko wanda ya yi ritaya bayan shekara 62, ko ya nakasa, amma tafiyar da mutum ya shirya da kansa ba ta shiga ciki. Wasu daga cikin mutanenmu suna ƙin ta ko da dala ɗaya ce saboda kamarta da kuɗin ruwa, kuma na fahimce su, balle mai shirin tsayuwar Arfa. Hukuncinta na malamai ne. Nawa shi ne in nuna maka kauce mata ba wuya.

Abin da nake jiye maka

Akwai wani bawan Allah da nake cike wa takardu, direba kamarka, mutum mai tsari, wanda kowane mako yake ware kashi ɗaya cikin huɗu na ribarsa a asusu daban. Ya je gida wata uku da katin wannan asusu a aljihunsa. Damina ta yaye rufin ɗakin tsohuwarsa, ga auren ƙanwa ya matso, ga 'yan uwa da abokan arziki suna sallama tun da asuba, kowa da takardar magani ko ta makaranta a hannu. Ba almubazzaranci ya yi ba, duk abin da ya kashe hakki ne. Amma kuɗin harajin ya tafi a ciki. Ya dawo ya tarar da bashin haya da na mota, ya yi ta biya har Janairu ta wuce bai tura komai ba. Ranar da ya zauna a gabana cikin Afrilu, na juya masa fuskar kwamfuta ya ga lambobi biyu: cikon harajin bara, da zangon farko na sabuwar shekara, duka ranar 15 ga wata. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe bai ce komai ba. Mun nema masa biya kaɗan-kaɗan da fom 9465, kuma IRS ta amince, amma bashin yana tafe da tarar rashin biya ta rabin kashi ɗaya cikin 100 a kowane wata kafin a shiga yarjejeniya, ga kuɗin ruwa a kai. Sai da ya shekara biyu kafin ya fita.

Kai ma gida za ka, wurin mara lafiya, kuma daga Makka. Ba wanda zai roƙe ka ka iya cewa babu alhali ka san akwai a asusu. Shi ya sa shawarata ita ce kuɗin nan ya fita daga hannunka tun kafin ka hau jirgi. Doka ba ta hana biya da wuri ba. Kana iya shiga Direct Pay, hanyar biya kai tsaye daga asusun banki, a shafin IRS a farkon Mayu, ka zaɓi 1040-ES da shekarar da ake ciki, ka tura 1,380 gaba ɗaya, Yuni da Satumba sun fita daga ranka. In ka fi son kuɗin ya zauna, shafin yana barin mutum ya tsara biya har kwana 365 gaba, a cire daga asusunsa na banki a ranar da ya sa. Ni dai na fi son a biya a wuce wurin. Wanda ya tsara sai ya tabbata kuɗin yana nan ranar, kuma na sha ganin wanda ya so gyara wani abu daga gida, banki ya tura lambar sirri zuwa layinsa na Amurka da ba ya aiki a can. Ka adana lambar shaidar biya da za su ba ka, ka tura wa mai cike maka takardu. Da ni ne, zan cika shi 1,500, saboda kintace kintace ne.

Kada ka manta da jiha. Mazaunin Bronx yana biyan harajin jihar New York da na birnin New York, duka a fom ɗin IT-2105, a ranaku huɗun nan, kuma nasu yana hawa kan wanda yake sa ran za a bi shi dala 300 ko fiye a ƙarshen shekara. Wanda ke Houston ba shi da wannan, Texas ba ta karɓar harajin kuɗin shiga. Kai kana da shi, kuma lissafin ragewar iri ɗaya ne. Ka ce a yi maka su tare.

Abubuwan da za su iya canza lissafin

In ka bar wa wani motarka haya kafin ka dawo, abin da yake ba ka duk mako samu ne, sai a ƙara shi a kan 32,000. In kuma motar ajiye ta za ka yi, inshora da biyan bashinta ba za su tsaya ba, ka tanadi nasu daban, kada ka haɗa da na haraji. Kujerar Hajji da tikitin gida ba sa cikin kashe-kashen sana'a, kada wani ya ce zai cusa maka su. Idan kana da mata a nan mai aikin albashi kuma tare kuke cike takarda, akwai wata dabara mai kyau: ta gyara fom ɗinta na W-4 a ƙara yawan abin da ake yanke mata. Abin da aka yanke daga albashi ana ɗaukarsa kamar an biya shi daidai-wa-daida tun farkon shekara, ko da a Nuwamba aka yanke. Da wannan ake toshe giɓin zangon da ya riga ya wuce.

Wasu suna tsoron hutun zai ci musu makin fansho na Social Security. Ba zai ci ba. Maki huɗu ne iyaka a shekara, kuma da jimlar samu ake ba da su, ba da yawan watannin aiki ba. A 2025 kowane maki dala 1,810 ne, huɗu 7,240, ka wuce nan tun watan Maris. In ta kasuwar inshorar lafiya ta NY State of Health kake da inshora, ka sanar da su samunka na bana ya sauka, domin tallafin da ake ba ka da shi ake auna shi.

Ban ga takardarka ta bara ba, kuma 4,000 a wata da ka faɗa daga ka ne, ba daga littafi ba. Ka duba layi na 24 a fom ɗinka na 1040, wato takardar harajin shekara, ka tabbatar 9,600 ɗin jimlar haraji ce, ba cikon da ka biya a Afrilu ba, domin ana yawan rikita su. Batun takardun zama kuma ba fagena ba ne, na lauyan shige da fice ne. Abin da zan ce kawai, in Green Card, katin zama na dindindin, gare ka, wata huɗu yana ƙasa da wata shidan da ake fara sa ido a kai. In jikin Mama ya sa ka ga za ka zarce, ka nemi lauya tun kana can, kuma ka ci gaba da cike harajinka a matsayin mazaunin Amurka.

Saura bayan dawowa. Na san halin direbobinmu, wanda ya dawo daga gida da bashi a wuya yakan yi awa goma sha biyu a titi, ga Nuwamba da Disamba lokacin ciniki ne. Wata uku da rabin nan suna iya ba ka abin da ya fi 14,000 da muka sa, kuma in ribar shekara ta haura, kashi 90 ɗin ma ya haura. Saboda haka a makon ƙarshe na Disamba ka sauke bayanan samunka daga manhajojin biyu, ka haɗa da rasit ɗin mai da gyara da littafin da kake rubuta nisan tafiyar mota, ku zauna da mai cike maka takardu ku sake lissafin da ainihin alƙaluma. Abin da ya fito shi za ka tura ranar 15 ga Janairu, ko ya fi 1,260. In kuma takardunka sun kammala da wuri, doka ta yarda ka tsallake biyan Janairu, muddin ka cike takardar shekara ka biya duk abin da ya rage kafin 31 ga watan ya wuce.